Haƙori Ashirin da Uku

Injin taliyar Goggo Jebbu ya yi giɓi ranar Talata.
Haƙori biyu suka fice daga giyar cikinsa,
ta tsince su a kwanon fulawa,
ta ƙulle a bakin zane kamar canjin cefane.
Shekara goma sha tara yana ciyar da rabin Bolari,
yanzu in ta murza hannu
sai ya yi tari, ya tsallake, ya yi gum.

An zaga Tashar Dukku, an leƙa babbar kasuwa,
kowa ya ce tsohon yayi ne, a sayi sabo.
Ta ce sabon gwangwani ne. Wannan ƙarfe.

Ni da rana ƙwayoyi nake ƙirgawa a kantin magani.
Da dare, in yara sun yi barci,
akwai tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen allo
da wata manhajar zane ta kyauta.
Na zana noti, na zana sifirin,
kayan da ba wanda ya aike ni,
ba kuma wanda ya taɓa riƙewa a hannu.

Na wanke giyar da kananzir,
na bi ta da tsinken tsintsiya:
ashirin da ɗaya, da gurbin biyun da suka tafi.
Da'ira na fara shatawa, sai wata a cikinta.
Haƙori guda na zana, guda tak,
na ce wa manhaja ta maimaita,
sai ga su sun jeru, sun kewaye,
kamar yara a bakin tiren shinkafa.

Amma na Goggo ba miƙaƙƙu ba ne.
A karkace suke hawa,
yadda wake ke naɗe karan dawa
yana zagaye, yana kuma yin sama.
Dare uku ina murɗa layi ɗaya.
A na biyu aka ɗauke wuta ban adana ba,
na zauna cikin duhu ina jin sauro
da janaretan maƙwabta yana mini dariya.

A na uku suka kama juna.
Giya biyu, shuɗiya da ruwan toka,
suna juyi a allo, ba ƙara, ba mai, ba tsatsa.
Na yi tagumi ina kallo
har ladan ya kira assalatu.

Malam Hammayo mai sassaƙa ƙarfe a Jekadafari
ya riƙe takardar nesa da ido,
ya bi ta da baƙar ƙumbarsa.
Ya ce, wa ya zana?
Na ce, ni.
Ya ce, ya yi kyau, sai dai ba zai juya ba.
Kin haɗa su ƙam, ko iska ba ta da hanya.
Ƙarfe na kumbura in ya sha zafi,
gari zai shiga, mai zai nemi wurin zama.
Je ki rage wa kowanne kaurin gashi guda.

Na dawo a keke napep ban ce uffan ba.
Na buɗe zanen da na fi so a duniya,
na ɓata shi kaɗan, da gangan.

Yau igiyar tsakar gida ta cika da taliya
tana lilo, kaji na kai mata tsalle.
Goggo ta murza gaba, ta ɗan ja baya,
aka ji wani ɗan ƙas a ciki.
Ta ce, Dudu, har yanzu yana da motsi fa.
Na ce, bar shi, Goggo, da shi yake tafiya.

Ba ta ce na gode ba, ba halinta ba ne.
Bakin zane ta kwance,
ta zuba mini haƙoran nan biyu a tafi.
Suna nan gefen kwamfuta, cikin murfin kwalba,
har yanzu da fulawa a jikinsu.