Kwano na Huɗu

Mu uku ne a gidanmu na Bukoki,
amma rana ɗaya a shekara, idan damina ta yi nisa,
Mama kan jera kwano huɗu.
Taliya doguwa wadda ba a tsinkawa, ƙwai ɗaya a kai,
tsinken ci biyu a gefe.
Ba mai zama gabansa.
Da safe kajin maƙwabta su yi buki.

Na tambaya ina shekara shida,
Baba ya ƙara muryar rediyo.
Na tambaya ina tara,
Mama ta ce, ci naki, zai huce.
Daga nan na iya abin da matan gidanmu suka gada:
haɗiye tambaya da ruwan zafi.

Kantinmu na bakin Katako.
Tocila, kwaɗo, takalmin roba, fulas mai jan fure.
Iyayena da na'urar lissafi suke ciniki,
su danna, su juya wa mai saye.
Ni ce bakinsu.
Ni ke cewa albarka, ni ke cewa ƙara dala goma,
da Hausar da na sha a bayan Inna Tabawa,
mutuniyar Tawa,
wadda ta goya ni har ƙafafuna suka fara jan ƙasa.

A titi yara na bi na: Shinuwa, Shinuwa!
A waya kakata, daga bayan teku,
ta ce ina magana da harshensu kamar mai tauna tsakuwa.
Da magariba nakan kalli jemagu suna barin itatuwa,
ba na jifansu.

Armai ake kira na.
Unguwa ta karɓi sunan ba ta nemi ma'ana ba,
ni ma haka,
sai ranar da zazzaɓi ya kai ni babban asibiti.
Wata likita ƴar ƙasarsu Mama ta duba takardata, ta yi murmushi:
Armai, wato ƴa ta biyu.
To ina babbar?

Ban shiga taksi ba.
Da ƙafa na kai gada ta biyu, wadda mutanenmu suka gina,
na tsaya ina duban ta farko daga nesa,
ruwa ɗaya na wucewa ƙarƙashinsu,
ba wadda ta taɓa taɓa ƴar'uwarta.

Inna Tabawa na tsince zogale lokacin da na faɗa mata.
Ba ta ɗaga kai ba.
Ta ce, ke kin taɓa jin na kira sunan ɗana na fari?
Na ce a'a.
Ta ce, to.
A wajenmu kunya ce, a wajen uwarki ban san sunan abin ba,
amma tun ranar da na shigo gidan nan na gane tafiyarta:
tafiyar mai goyo ce, ba goyon.
Kada ki fasa mata tulu don ki ga zurfinsa.

Wa aka bar wa ita?
Wace ƙofa, wane dare, wace doka, wane tsoro?
Tana da irin haƙorina na gaba mai giɓi?
Ta san akwai garin da rana ke narka takalmi,
inda ake dafa mata taliya?

Bana na riga Mama tashi.
Na kwaɓa fulawa, na murza, na ja,
ta tsinke, na sake.
Ta tsaya bakin ƙofa ta daɗe.
Sannan ta zo ta ɗora hannunta kan nawa,
muka ja tare, a hankali,
har ta kai tsawon tebur ba ta yanke ba.

Baba na barci. Fanka na juyawa.
Mama ta fasa ƙwai, ba ta dube ni ba,
ta buɗe baki da Hausar kanti,
wadda ba ta san komai cikinta ba sai ƙidaya,
ta ce:

talatin da ɗaya.