Farke

Ni dai gyaran rediyo na koya,
a runfar Malam Gonda, bayan babbar kasuwa.
Ban san ranar da masu jita suka mai da ni maƙerinsu ba.
Abin da suke nema bai fi ganyen magarya ba:
ƴan makaranta na ce masa madiyato,
tsofaffin da suka riga sanin garaya
na ce masa farke.

Tsahiru na Mokoyo ba ya son mai kauri.
Murfin bokitin fenti yake kawo mini,
in yanka, in goge baki a siminti,
shi ko ya lanƙwasa shi tsakanin yatsu
kamar mace mai gwada kuɓewa kafin ta taya.
"Wanda ba ya russunawa," in ji shi,
"faɗa yake da tsirkiya, ba hira ba."

Barmo dariya yake masa.
Ya ce laushi na katifa ne.
Nasa na ƙahon sa ne, daga mahauta na roƙo,
na gasa, na danne da dutse,
kwana uku ina kankara har yatsana ya yi kanta.
In ya sauke shi kan babbar waya
sai ka ce motar gyaɗa ta hau gadar gulbi.
Waya huɗu ya tsinke a biki ɗaya a Tibiri.
Ban yi masa faɗa ba.
Ni ke sayar da wayar.

Saratu, mai kaɗa wa ƴan coci a Danja,
ba ruwanta da kauri, ba ruwanta da laushi.
Gumi ne abokin gabanta.
A bazara farke na suɓuce mata tsakiyar baiti,
don haka nake huda mata shi da ƙusa mai zafi,
huda uku, kamar murhu,
inda babban yatsa zai zauna ya sha iska.

Akwai kuma yaron nan, Sabi'u,
mai yanka nasa daga katin waya da aka yar.
Kullum cikin jitar yake faɗawa.
Ka gan shi ya kife ta bisa kai yana girgiza,
ido a rami, baki a buɗe,
kamar mai neman dala a asusu.

Dattijo Nomau bai taɓa sayen komai wurina ba.
Nasa Allah ya dasa masa a manuniya,
shekara talatin yana kiwonsa,
da hagu yake ɗaure kaya don ya tsare shi.
Damanar bara, garin cirar ciyawa a gonar gero,
ya karye har tsoka.
Ya zo, ya zauna kan bencina, bai ce komai ba.
Na zazzage masa gwangwani:
na roba, na ƙaho, na ƙashi,
har da wani ja mai sheƙi da aka kawo daga Kano,
dala arba'in.
Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya.
Kowanne ya yi ƙara, shi kuwa sai ya girgiza kai.
"Ina jin ta," ya ce, "ita ce ba ta ji na.
Kamar gaisawa da mutum ta bayan zana."

Ya rataye jitar a runfata.
Duk Juma'a yakan biyo bayan masallaci
ya miƙo mini yatsa in duba,
kamar manomi mai nuna tsiro.
Sai da aka yi girbi, aka kai damma rumbu,
sannan ya zo ya sauke ta.

Masu shayi na tambayata wanne ya fi,
tunda ni ke yanka.
Ni da ko sautu ɗaya ban iya ba.
Na dai san yatsun kowa a garin nan
ta wurin gefen da farkensa ya fara cinyewa.