Safar da Tumba Ta Kawo

Shekara talatin da ɗaya ina tsaye bayan ƙeyar mutane
a shagon askina na Ƙofar Atiku.
Na san kan kowa a unguwar nan,
wanda sanƙo ya fara ci, da mai ɓoyon furfura,
amma ƙafar da ta ɗauke ni duk tsawon nan
ban taɓa sunkuyawa na gaishe ta ba.

Sai ta yi fushi.
La'asar na yi, takalmi ya ƙi ni,
idon sawu ya nutse, ba a ganin ƙashi,
in na danna ƙwauri da ɗan yatsa
gurbin ya zauna, kamar a tuwon da bai huce ba.
Jijiyoyi suka taso a sha-raɓa, sun murɗe
kamar saiwar gawo da ruwa ya tone.

Tumba, 'yata ta uku, mai aikin jinya,
ta ja ni gaban likita ina gunaguni.
Ya ce: Baba, jini guga ne.
Sauka rijiya ba ta yi masa wuya,
hawowa ce aiki, kuma igiyarka ta gaji.

Da sassafe ta zo da tef irin na tela,
ta auna idon sawu, ta auna sha-raɓa,
ta rubuta a bayan katin ɗaurin aure.
Kwana huɗu, ga safa a leda,
doguwa har gindin gwiwa, ruwan ƙasa,
ta matse ƙasa tamau, ta sassauta a sama.

Na ce: a Sakkwato? Cikin watan bazara,
lokacin da ƙadangare ke ɗaga ƙafa don zafin ƙasa?
Ta ce: kai da ka sa mutum dubu sunkuyar da kai,
sunkuya sau ɗaya.

Ranar farko kokawa muka yi.
Na ja, ta ƙi, na yi gumi, na ambaci kakanta.
Ashe juya ta ake, a fara da diddige,
a bi ta a hankali kamar lallashin yaro,
kada a bar ninki, kada a naɗe bakinta,
kuma tun kan shimfiɗa, kafin kumburi ya farka.

Modi mai shayi ya hango ta ƙasan wandona,
ya ce wa ya saye ni, wace ƙungiyar ƙwallo?
Teburin ya fashe da dariya.
Na kurɓi shayina, ban tanka ba.

Alwala ce ta fi ba ni aiki:
a tuɓe, a wanke, a tsane tsakanin yatsu, a mayar.
Har na koyi riƙe ta azahar zuwa la'asar,
ni da dā ba na riƙe ko bashi.

Ba zan ce ta mayar da ni saurayi ba.
Jijiyoyin suna nan, sun dai rage faɗa.
Amma jiya na aske kai goma sha tara,
na rufe shago, na taka har Gawon Nama,
takalmina bai ce mini komai ba.

Da dare nakan tuɓe ta, in wanke da ruwan sanyi,
in shanya a inuwa kusa da tawul ɗin aski,
in ɗora ƙafa bisa matashi biyu,
in ji jini na komawa gida
kamar 'yan kasuwa bayan magariba.

Shekaranjiya Modi ya shigo, ba aski ya kawo shi ba.
Ya jira shago ya watse, ya ɗage wando,
ya nuna mini ƙwaurinsa, ya rage murya:
Attahiru, ɗiyar nan taka,
yaushe take zuwa da tef ɗin?