Sharaɗi na Tara

Ofishinmu na saman shagon mai gyaran fanka a Asawase.
Nan shugaba ya bar ni da takarda da umarni:
shekara ɗaya, kada ka ƙara masa ko kwana.

Gariba ya hawo matakala yana ƙirgawa da gwiwa.
Sha bakwai ne. Na ji kowanne.
Shekarunsa talatin da bakwai a fasfo,
amma gwiwar hagu ta girme shi.

Na karanta masa.
Albashi rabin na bara,
sauran sidin na rataye a wuyan wasa:
in ya cika minti sittin a biya,
in hamsin da tara ne, sai haƙuri.
Ya ce to.
In ya buga wasa ashirin, shekara ta biyu ta buɗe da kanta.
Ya ce to, idonsa na kan silin.
Ranar Talata likita zai murɗa ƙafar,
abin da hoto ya faɗa shi ne magana.
Nan ya yi dariya:
yaushe hoto ya taɓa tare ɗan gaba?

Ban gaya masa ba,
ni ne yaron da ke tsintar ƙwallo bayan raga
ranar da ya tashi sama cikin ruwan Yuni ya sa kai,
Aboabo ta kwana ba ta runtsa ba,
mai koko ta yafe bashin mako guda.
Yau ga ni ina auna shi da mudu,
har ina shafe tozon.

Na shida, safiyar Laraba zai horar da yara.
Na bakwai, in ya karye a fili, asibiti namu ne,
wata uku, ba huɗu ba.
Na takwas, ɗakin Tafo zai dawo hannunmu
ranar da takarda ta mutu.

Ya daɗe yana juya biro.
Ya ce, akawu, ƙara ɗaya.
Na zaci kuɗi ne, har na tanadi a'a a bakina.
Ya ce rubuta:
wasan ƙarshe, ko muna ci ko ana cinmu,
kada mutum huɗu su shigo su ɗauke ni.
Ko da rarrafe ne, a bar ni in kai layi da kaina.
Azumi za ta zo kallo,
ita da aka haifa bayan gudu ya ƙare.

Lauya zai ce wannan ba doka ba ce.
Shugaba zai ce wa ya aike ka.
Na dai buga shi, na sa masa lamba.

Ya sa hannu a hankali, kamar mai ɗaure takalmi,
ya dafa bango ya fara sauka.
Na ƙirga tare da shi har tara,
sai muryar mai fanka ta rufe sauran,
yana yi masa tsohon kirarinsa.