Bokiti na Tara

A Buenaventura ba a tambaya ko za a yi ruwa,
sai dai a ce, ƙarfe nawa?
Kawuna Eleuterio ya ce takalmin da ya fara gini da shi
ya ruɓe bai taɓa sanin bushewa ba.

Ya hau da ni rufin makarantar da ke bayan tashar jiragen ruwa,
inda Malama Hermencia ke jera bokitai tara
tsakanin bencina,
yara na koyon ƙidaya da yoyon silin.

"Durƙusa," ya ce. "Daina kallon sama, ba can laifin yake ba."
Ya bi rufin yana ƙwanƙwasa da ƙotar guduma
kamar mai zaɓen kankana.
Nan ya amsa. Nan ma ya amsa.
Dab da indararo sai ya yi muryar kogo.

Muka fasa.
Rodi ya fito ja wur, a kumbure,
yana ɓarɓashewa a yatsa kamar ƙanzo.
"Yashin teku," ya ce, ya tofar da yawu.
"Wanda ya kwaɓa wannan bai wanke shi ba.
Ya binne gishiri da hannunsa, ya karɓi kuɗi, ya yi gaba.
Shekara ashirin gishiri na kiran ruwa,
ruwa kuwa ba ya ƙin gayyata."

Kwana shida muna kankare kankare,
gansakuka, funfuna, tsatsa,
har tafin hannuna ya saɓule.
In ya ga tsaga siririya kamar gashi
sai ya ƙara buɗe ta da gangan.
Na ce, Kawu, gyara muka zo ko ɓarna?
Ya ce miki ba ya jin magani sai an buɗe bakinsa.

Sannan jira.
Da dare ya shimfiɗa leda, ya manne gefunanta,
da asuba mu ɗaga.
In cikinta ya yi gumi, ranar ba aiki:
rufin bai gama fitar da abin da ya haɗiye ba.
Sau huɗu muna sauka da buroshi a bushe.

Ran Talata rana ta ba mu aron awa uku.
Shafi na farko gabas zuwa yamma,
na biyu kudu zuwa arewa,
kowace kusurwa a cike ta, a lanƙwasa,
don ruwa da gulma lungu suke so.
Hadari ya taso daga teku, baƙi ƙirin.
Kusurwar ƙarshe tawa ce. Na yi sauri.

Abin da ban zata ba,
da ya bushe, Kawu ya toshe indararo da tsumma
ya sa muka yi ta jido ruwa muna zubawa,
mu da muka zo korarsa,
har rufin ya zama tafki iya idon sawu.
Ya ja layi da alli a bakin ruwan.
"Ba a shaidar ƙofa," ya ce, "sai ɓarawo ya gwada ta."

Dare biyu muka kwana a aji, kan bencina,
tocila na yawo a silin.
Daren farko, shiru.
Na biyu, wajen ƙarfe huɗu,

ɗis.

Ban buƙaci haske ba. Na san kusurwar.

Kawu bai ko tashi zaune ba.
Ya lalubo gudumar a ƙarƙashin kansa,
ya miƙo mini ta wajen ƙota,
ya juya ya ci gaba da minshari.

Da safe Malama Hermencia ta kwashe bokitai takwas,
ta raba wa masu sayar da kifi.
Na taran ta tura shi lungu da ƙafa,
ta dube ni, ta ce, zuwa yaushe?

Na ɗauki leda na hau tsani.