Gaɓa ta Goma Sha Biyu

Fam arba'in na miƙa wa matar
a bakin garejinta, nan Hull, ana yayyafi.
Ta ce jitar mijinta ce, Clive,
rabonsa da ita tun da sanyi ya cinye masa yatsu.
Ta haɗa min da waya da wani tsohon tawul,
ta shige gida kafin in rufe but.

Ga ta yanzu a kwance kan teburin cin abinci.
Na ture kwanuka gefe,
na yi wa wuyanta matashi da ragowar buhun shinkafa.
Juwairiyya ta yi barci, hita na ta ƙas-ƙas,
ƙarfe shida ana jirana a gidan kula da tsofaffi,
amma ido ya ce ba yanzu ba.

Na ɗaura sababbin tsirkiyoyi,
na ja, na kuma ja, har suka bar gardama.
Na kaɗa ta farko a sake,
allurar na'ura ta tsaya cak, fitila kore shar.
Na ce ashe lafiyarki ƙalau.
Sai na danna gaɓa ta goma sha biyu,
inda murya kan tarar da kanta a saman bene.
Ina! Allura ta zarce dama
kamar yaron da ya wuce gidan da aka aike shi.

Saɓanin bai kai ƙwayar gero ba.
Sai dai kunne ba ya karɓar cin hanci.

Can ƙasa akwai jakuna shida na ƙarfe,
kowanne da tsirkiyarsa a gadon baya.
Kawu Ɗanlasan jaki ɗaya ne a gurminsa,
da babban yatsa yake tura shi yana hira.
Ni sai da tabarau da ɗan sukundireba.
In murya ta zarce, ja jakin baya,
ƙara wa tsirkiya nisan tafiya.
In ta gaza, matso da shi.
Rubu'in juyi, sannan ka ɗaure, sannan ka yi shiru.

Ta farko ta yarda. Ta biyu ta ja rai, ta yarda.
Ta uku kuwa, tsatsa ta riƙe mata ƙugu.
Na ɗiga man gyaɗa da tsinken sakace,
na murɗa, hannu ya goce,
na karce jan fentin da mutumin ya adana shekara talatin.
Na ce yi haƙuri, Clive, da Hausa,
sannan wani siririn ƙarfe ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin firji,
na bi shi da rarrafe, da fitilar waya a baki.

A nan ta same ni, tana murza ido.
Baba, tun ɗazu sauti ɗaya kake ta bugawa.
Na ce biyu ne.
Ɗaya na nan kusa, ɗaya ya yi nisa,
so nake in sun haɗu su gane juna.
Ta ɗaga kafaɗa, ta sha ruwa, ta haye sama.

Wajen ƙarfe uku biyar suka daidaita.
Na bi wuyan tun daga kai har ƙirji,
ban kunna lasifika ba, bangon nan ba ya riƙe sirri,
kuma Desmond na maƙwabta ba ya wasa da barcinsa.
Na san in hunturu ya wuce itace zai yi miƙa,
in sake zama, in sake neman tabarau.

Ta ukun har yanzu tana ɗan zarcewa,
kamar gashi guda.
Na ɗauki sukundireba, na dube ta,
na mayar da shi aljihun tebur.
Wannan na bar wa mai ita.