Tudun Akuya

Kakana Barau ya zo da ƙafa daga Kazaure,
buzu a kafaɗa, bashin haraji a wuya.
Ya ce damina biyu zai yi ya koma.
Ga kabarinsa can bayan layin dogo,
har yau bai gama shirin tafiya ba.

Lokacin nan ba gari ba ne,
bukkokin 'yan kuza ne a gefen Bukuru,
inda sanyi ke shiga ta ƙofa ya kwana a ƙashi.
Tsoho Chollom ya nuna musu fili da sanda:
"Daga shingen ƙerana zuwa dutsen can.
Ku dai ɗaure akuyarku, na shuka acca."
Akuya ta ci acca.
Aka yi shari'a, aka raba goro,
sunan ya bi mu har kan ambulan.

Sai ga Adigun tela daga Ogbomosho,
keken ɗinki a ka, mata biye da tukwane.
Sai Fanna mai turaren wuta.
Sai Nwafor mai gyaran fitila,
wanda ya fi limaminmu karin magana.
Mu yara muna zagi da harshe huɗu,
mu sha bulala a gidan da ya fi kusa.

Kakata Ladidi ta yi dakon kwanon kuza
har gashin tsakar kanta ya ƙaura.
Ran Asabar a biya ta, ran Lahadi ta ci bashi.

Kamfani ya naɗe tabarmarsa, ya bar mana ramuka.
Ramuka suka cika da koren ruwa,
suka haɗiye yara biyu rana ɗaya,
ɗan masallaci da ɗan coci.
Rumfa ɗaya aka kafa ta makoki.
Da hawaye suka bushe muka sayo injin ban ruwa,
ruwan da ya ci mu muka sa shi aiki:
kabeji, karas, latas,
motocin kudu na layi tun asuba.

Shekarar hayaƙi kuwa, kada ku tambaye ni.
Na san dai Nwafor ya ƙwanƙwasa mana da dare,
ya miƙa wa babana mukulli:
"Riƙe mini, kwana biyu ne."
Mukullin na nan a ƙusa, ya yi tsatsa.
Fiyar gidansa ba ta ji labari ba,
kowace shekara sai ta yi 'ya'ya,
mu cika buhu mu ba direba.
'Yarsa Uzoma kan bugo waya daga Aba,
ba ta tambayar gida,
sai ta ce, "An fara sanyi?"

Jiya a ofis, wani yaro mai biro
ya ce, "Baba, ina ne asalinku?"
Na buɗe baki zan ce Kazaure,
garin da ban san hanyar kasuwarsa ba.
Na duba farcena,
jar ƙasar tudu na ciki.
Ya ce in yi sauri, akwai layi.